Inda Sawun Jinroku Ya Tsaya

Rigimata da Jinroku na Gidan Gada a kan hanya aka yi ta, hanyar da na taka da ƙafafuna. A ƙauyenmu Tochisawa idan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, gida-gida ake karɓar aikin taka hanya. Akwai wani ɗan allo da ke zagayawa. Wanda ya wayi gari ya gan shi a ƙofarsa, shi zai ɗaura kanjiki, zoben reshe na tafiya a kan dusa, a ƙasan takalmansa ya danne dusar tun daga gada har bakin titi, don mai kawo wasiƙa ya sami inda zai sa ƙafa. Ran nan a ƙofata allon ya kwana. Mijina ya shekara shida a kabari, 'ya'yana suna birni suna ƙera wa mutane firiji, to wa zai fita in ba ni ba?

Na dawo ina haki, gumi ya daskare mini a gira, na tarar da mutum bakwai ko takwas a gaban rumbun ƙauye suna jiran wasiƙu. Jinroku na tsakiyarsu, hannu a baya, yana ƙare wa aikina kallo kamar mai shirin sayen gona.

"Matar Gidan Rijiya," in ji shi, "wannan ke kika taka, ko dila ce ta wuce?"

Aka kwashe da dariya.

"Faɗin mutum biyu ake yi, Matsuno. Wannan ai ko kaza sai ta karkace kafin ta bi."

Aka sake dariya, har da Kiyono maƙwabciyata, wadda ba ta da haƙoran yin ta. Da na yi shiru da an wuce wurin, don tsokana ce irin wadda ya saba yi wa kowa. Amma ni ba a haife ni da shiru ba.

"Ni dai tawa hanyar, ko siririya ce, tana kaiwa inda na ce ta kai," na ce. "Ba ta tsayawa a gindin itacen buna ta juyo gida ta ce ta ga ƙolin dutse."

Na jira dariya. Ba ta zo ba. Kiyono ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta. Mai unguwa ya shiga gyaran igiyar hularsa, wadda babu abin da ya same ta. Jinroku ya cire tasa hular, ya kakkaɓe ta alhali babu komai a kai, ya mayar. Ya ce, "Haka ne." Ya juya ya bi siririyar hanyata zuwa gida, yana tafe a karkace.

Shekararsa saba'in da ɗaya a lokacin. Yau ya daɗe da mutuwa, ƙauyen ma saura gida uku masu hayaƙi, shi ya sa nake iya faɗin abin da ya biyo baya.

An haife shi shekarar da dusa ta karya rufin ɗakin ibada, lokacin da mutane suka yi wata biyu suna fita ta tagar bene. Ubansa maƙerin kanjiki ne, shi ma ya gada. Da kaka yake shiga daji ya saro rassa masu kaurin babban yatsa, ya dafa su a tukunya har su yi laushi, ya lanƙwasa a gwiwarsa su zama zobe, ya ɗaure, ya sa haƙoran katako biyu a ƙasa don kama gangare. Ba ya auna ƙafar mutum. Cewa yake yi, "Je ka bakin gada ka dawo." Yana kallon tafiyarka, ya san ko kana jan ƙafar hagu, ko kana jefa ta dama waje, ya yi maka daidai da aibinka. Na mijina, ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma sai da aka yi masa su na san mijina ɗingishi yake yi.

A zamaninmu da an gama girbi maza suke watsewa birni, wasu haƙar ramin jirgin ƙasa, wasu gidajen dafa giya, sai dusa ta narke su dawo. Jinroku ya je sau ɗaya. Kwana goma sha tara ya yi, ya ɓata a tashar jirgi har sau biyu, ya dawo ya ce garin da ba a ganin sawun mutum a ƙasa ba gari ba ne. Tun daga nan bai sake fita ba. Maza suka sa masa suna Sarkin Mata, yana ji yana murmushi. Amma rufin gidaje goma sha ɗaya shi yake sauke musu dusa duk shekara, har da na masu kiran sa da sunan. Da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, shi ya yi mata kitso har ta shiga makaranta, kitson da duk ƙauye muka sha dariyarsa.

Abin da yake taƙama da shi guda ɗaya ne a duniya: hawan ranar sha biyu ga watan biyu. Ran nan maza ke hawa har ƙoli su tono ɗan ɗakin Uwar Dutse daga cikin dusa don ta sha iska, su canza mata igiyar ƙofa, su ajiye mata curin dakakkiyar shinkafa da kwalbar giya, don in lokaci ya yi ta sauko mana da ruwa cikin fadamu. Mu mata mu ke daka shinkafar, mu raka su har inda aka gicciya igiya a bayan gari, nan muke tsayawa. Uwa mummuna ce, ba ta son ganin mace a gidanta.

Hawan yana da ƙa'idarsa. Ko da kanjiki, na gaba nutsewa yake har cinya, shi ke fasa dusa, na baya su bi a sauƙaƙe. Kuma na gaba ba ya cewa ya gaji. A kan dutsen Uwa ba a furta wannan kalma, ba a waiwaye, ba a roƙon canji. Na biyu ne zai zuba wa ƙeyarsa ido, in ya ga wuya ya fara sunkuyawa sai ya daka masa tsawa: "Kauce!" Na gaba ya kauce yana gunaguni, wai shi yanzu ma ya fara jin daɗi, ya koma can baya ya huta. Haka ake yi har a kai, ba wanda ya gaji, ba wanda ya roƙa.

Jinroku ya fara hawa cikin mutum ashirin da shida. Ya ga sun koma goma sha biyu, sun koma biyar. Daga baya sai shi da abokinsa Sakuzo, tsofaffi biyu suna yi wa juna tsawa a kan dutse. Sannan wata kaka Sakuzo ya kwanta bai tashi ba.

Shekarar da ya fara hawa shi kaɗai, ya fita da ƙarfinsa. Ya wuce kurmi, ya wuce kwarin da ruwa ke gudu a ƙarƙashin dusa, ya kama gangaren farko. Wajen kafaɗar dutsen, inda wani ƙaton buna yake tsaye shi kaɗai, ƙirjinsa ya fara bugawa kamar ana daka a ciki. Bai tsaya ba, don ba a tsayawa. Ya ci gaba da jefa gwiwa, kunnensa a baya, yana jiran tsawar da ya saba ji shekara hamsin. Ba abin da ya ji sai dusa tana faɗowa daga reshe. Ya ƙara taki goma. Ya ƙara biyar. Sai ya gan shi zaune a gindin itacen, bai san lokacin da ya zauna ba.

Ya ɗaga kai ya dubi sauran hawan, ya san ba zai iya ba. Akwai kogo a jikin bunan, daidai ƙirjin mutum in dusa ta yi tudu. Nan ya tura shinkafar da kwalbar da sabuwar igiya, ya roƙi Uwa ta aiko a ɗaukar mata. Ya sauko da niyyar faɗin gaskiya, har ya shirya kalmomin a hanya.

A bakin igiya muna tsaye da tukunyar romo. Mai unguwa ya matso ya yi tambayar da ake yi kowace shekara: "Uwa tana lafiya?"

"Tana lafiya, ta ce a gaishe ku."

Bakinsa ne ya faɗa, kafin shi ya sa baki. Amsar ke nan tun kakanni, harshe ya saba. Aka yi guɗa, aka miƙa masa kwano. Ya sha romon yana ƙona masa maƙogwaro, ya ce gobe zai gyara maganar. Goben ta zama baɗi. Baɗi ya sake hawa da niyyar ko ya kai ko ya mutu, ya sake samun kansa a gindin bunan. Shekara ta uku ko yunƙurin wucewa bai yi ba.

Ni kuwa tagar bayan gidana dutsen take kallo. Kashegarin hawa in rana ta fito, sawun kanjiki yakan fito a jikin farin dutsen kamar ɗinkin allura a ƙyalle. Na ga ɗinkin ya hau, ya hau, ya tsaya a gindin buna. Shekara uku ina gani. Na ɗauka ni kaɗai ce mai ido a garin, na adana abin a raina kamar wuƙa a ɗamara, ina jin daɗin nauyinta.

Ranar rigimar da yamma Kiyono ta shigo gidana. Ba ta cire takalmi ba, ba ta zauna ba.

"Ke kaɗai ce mai taga a Tochisawa?"

Na ce me take nufi.

"Ina nufin har makahon Gidan Sama ya sani, don matarsa ta gaya masa. Mai unguwa ya sani tun shekarar farko, kuma ya ci gaba da tambaya. Kin ɗauka wauta ce? Ɗana yana birni, naki biyu suna birni, ba wanda ya taɓa cewa bari in zo ran sha biyu. Muka ɗora wa tsoho kaya muka tura shi dutse shi kaɗai, muka tsaya da tukunya. Kunyar tamu ce, Matsuno, shi yake ɗauke mana ita. Ke kuma kika zo kika kwance masa zane a kan faɗin hanya."

"Shi ya fara."

"Shekarunki sittin da uku," in ji ta, ta fita ta bar mini ƙofa a buɗe.

Na sha zagi a rayuwata, na rama da wanda ya fi shi. Wannan ban sami abin ramawa ba. Na zauna gaban murhu, sanyi na shigowa, na kasa tashi in rufe ƙofar.

Kwana tara Jinroku bai fito ba. Hayaƙi na tashi a gidansa, shi ke nan shaidar yana raye. Ranar da allo ya zo kansa, kafin kowa ya farka ya taka hanya faɗin mutum uku ya koma ciki. Abin da ke cin sa ba maganata ba ce. Shirun da ya biyo bayanta ne. Da ba su sani ba, da wani ya ce ƙarya nake yi, da wani ya tambaya wane buna. Ba wanda ya tambaya. Ya zauna yana tuna kwanon romo uku da aka miƙa masa, da guɗa uku, da fuskokin masu yin ta, ya ga ashe lallashin sa ake yi kamar yaron da ya yi fitsarin kwance.

Ana gobe hawa mai unguwa ya je ya same shi ya ce bana a haƙura, Uwa ta san halin da ake ciki. Jinroku bai ɗago daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce, "A kawo shinkafa."

Ranar ta zo da hazo, dutsen ko gindinsa ba a gani sosai. Muka raka shi bakin igiya. Ya sunkuya ya gaishe mu bai dubi kowa ba, ya ɗaga igiyar ya wuce. Kowa a wurin ya san abin da ke ransa: ƙoli ko gawa. Kuma kowa ya san wadda ta jawo.

Na koma gida na ciro wandon mijina da hularsa da kanjikinsa, na zagaya ta kurmin bayan gidana na faɗa kan sawun Jinroku. Ban yi wani dogon tunani ba. Da na yi, da ban je ba, don tun ina yarinya aka gaya mini macen da ta tsallake igiya gashinta zubewa yake yi. Na ce nawa dai saura kaɗan.

Bin sawun da aka fasa ba wuya. Na cim masa ƙasa kaɗan da bunan, yana jefa gwiwa, numfashinsa kamar ana zuga wuta. Ya ji ƙarar dusa a bayansa, ya karya doka ya waiwayo. Da ya ga hular, sai da ya ja da baya. Ya ɗauka mijina ne ya taso.

"Ke! Kin haukace? Koma!"

"Ban zo wurinka ba, iska nake sha."

"Mace a dutsen Uwa! Kina so ta sako mana gangaren nan gaba ɗaya a ka?"

"Kyawawa take ƙi, Gidan Gada. Dube ni da kyau. In ta ga wannan fuskar har godiya za ta yi maka."

Ba shi da numfashin faɗa, ni kuma na sani. Ya juya ya ci gaba, ina biye.

A gindin bunan ya tsaya. Ya daɗe yana kallon kogon, sannan ya cusa hannu ya fara fito da su ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan dusa: kwalba uku, igiya uku a naɗe, da ragowar shinkafa da ɓeraye suka bari, ta yi baƙi ta yi tauri kamar dutse. Na gane ƙyallen da aka ƙunshe ta shekarar farko, daga tsohuwar rigata na yanke shi. So yake in gani da idona, in faɗi abin da zan faɗa. Kunnuwansa sun yi ja, ba na sanyi ba.

Na durƙusa na sa kwalba biyu a buhuna, na miƙa masa ɗaya.

Daga nan dutsen ya miƙe tsaye. Yana gaba, dusa har ƙugunsa, ni ina kallon ƙeyarsa kamar yadda na ji maza suna faɗa. Ban san yaushe ake yi ba. Na ga wuyan ya sunkuya, na ga ƙafar dama ta shiga ta ƙi fitowa, na ji tsoron kada in yi wuri ya ce na raina shi, kada in makara ya faɗi. Sai na rufe ido na kwarara.

"Kauce!"

Ya tsaya cak. Shekara huɗu rabonsa da jin kalmar, kuma yau daga bakin mace, macen ma ni. Na ɗauka zai juyo ya mare ni. Can sai ya ja jiki gefe, ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Yanzu fa na fara jin daɗi."

Na shiga gaba, nan take na san abin da muka yi shekara uku muna tura shi yi. Taka hanyar gari wasan yara ne. Na jefa ƙafa na nutse har ciki, na ciro na sake nutsewa.

"Gwiwa tukuna!" yana yi mini ihu daga baya. "Danna da gwiwa, sannan ki ɗora ƙafa! Buɗe ƙafafun, kina taka kanjikinki! Wa ya koya miki tafiya?"

"Kai ka yi su a karkace!"

"Don mijinki na yi, ba don agwagwa ba!"

Muka yi ta karɓa. Da fari yana yin taki arba'in kafin in kore shi, ya koma ashirin, ya koma goma. Daga baya in ya ce mini kauce sai in yi kamar iska ta ɗauke maganar, shi kuma bai maimaita ba. Gangaren ƙarshe duk ni na fasa, ina kuka ina zagin 'ya'yana da sunayensu, yana biye da hannu da gwiwa.

A kan doron ƙarshe hazo ya rufe komai, sama fari ƙasa fari. Na ga wuri shimfiɗaɗɗe a dama mai daɗin tafiya, na nufe shi.

"Hagu!" Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Hagu, Matsuno! Nan ba dutse, leɓen dusa ne, ƙarƙashinsa iska ce!"

Na daskare da ƙafa ɗaya a sama. Daga nan shi ya riƙa ja na da baki kamar saniyar noma: taki uku gaba, ɗan hagu, tsaya, miƙe. Ba ya ganin komai fiye da ni, amma doron yana cikin ƙafafunsa. Har sandata ta bugi wani abu mai ƙara, kan dogon sandan da aka kafa don a gane inda ɗakin yake.

Ban ga komai a ƙolin ba, kada wani ya tambaye ni. Hazo na gani da tsoho yana tari. Muka yi ta tono da shebur ɗin katako har rufin ya fito, sannan ƙofar, ɗan ɗaki da bai fi akwatin tufafi ba. Tsohuwar igiya tana nan ta ruɓe ta yi baƙi. Ya shafa ƙullin da yatsa ya ce, "Na Sakuzo ne. Kullum a hagunce yake ƙullawa." Na juya wa ɗakin baya don kada mu haɗa ido da mai shi. Ina jin sa yana jera kwalabe huɗu, yana magana ƙasa-ƙasa, doguwar magana, goshinsa a kan dusa.

Da ya gama muka raba ɗan curin shinkafar da ya zo da shi na guzuri. Na yi ta juya maganar a bakina.

"Jinroku, abin da na faɗa ran nan a gaban rumbu..."

"Gaskiya kika faɗa."

"Ban faɗe ta don gaskiya ce ba. Don ta yi ciwo na faɗa."

Ya tauna, ya tauna. Ya ce, "Ta yi." Iyakar abin da muka ce ke nan a kai, har ya mutu.

Saukowa ta fi sauri. A bakin kurmi na rabu da shi na bi ta bayan gida. Abin da ya faru a bakin igiya daga baya na ji. Mai unguwa ya matso ya ce, "Uwa tana lafiya?" Jinroku ya tsaya, amsar da ta fito masa sau uku ba wuya yau ta maƙale. Can ya ce, "Rufin ɗakinta ya ruɓe ta gabas. Sai an hau da katako in dusa ta narke." Ba a yi guɗa ba. Matar Gidan Sama ce ta fara kuka, saura suka kama.

Ni kuwa na iso gida ina jan ƙafa, ina shirya ƙaryar da zan yi in an tambaye ni inda na wuni. Na tarar an share dusar ƙofata, wuta na ci a murhu, tukunya a kai. Ba wanda ya tambaye ni, ran nan ko bayan nan. Na ci abincin ina jin kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Kashegari gari ya waye tas. Ɗinkin sawun ya hau, ya wuce buna, ya karkata hagu a kan doro, ya kai. Duk ƙauye aka fito sauke dusar rufi, har masu rufin da aka sauke jiya, kowa idonsa a kan dutsen.

Hawan ya ci masa yatsun ƙafa biyu, ƙirjin kuma bai sake komawa daidai ba. Da hanya ta buɗe 'yarsa ta zo da mota ta ce ba za ta bar shi ya sake wani sanyi a nan ba. A birni ya yi shekara biyu, a bene na bakwai, ya rasu. Ban je ba, ban iya jirgin ƙasa ba.

Ranar tafiyar mutane sun taru a bakin gada. Shi kuwa ya dogara sanda ya zo ƙofata, ya tsaya a waje.

"Zan gaya musu kafin in shiga mota," in ji shi. "Cewa ke kika fasa gangaren ƙarshe. Ni rarrafe na yi a bayan mace. Na gaji da cin yabon da ba nawa ba, Matsuno. Ba zan tafi da wata ƙaryar ba."

Na dube shi. Ya rame, rigar birni da aka sa masa ta yi masa yawa, idanunsa a ƙasa kamar ranar kogon buna. Mutumin nan ya kai ƙoli da ƙirjin da bai kamata ya kai shi bakin gada ba, ya hana ni faɗawa rami, kuma har yanzu yana neman inda zai tsaya a tozarta shi. Raina ya ɓaci, irin ɓacin da na saba.

"Wace ƙarya?" na ce. "An aike ka wurin Uwa, ka je ko ba ka je ba? Da ƙafa ne, da gwiwa ne, da haƙori ne, ba wanda ya aike ka da wannan. Ɗago kanka ka je ka yi musu sallama kamar mutum. Ka kai, Jinroku. Ni na ce ka kai, kuma duk garin nan sun san bakina bai taɓa yi wa kowa alfarma ba."